Wayar intanet a Amurka: dala 20 a talla, kusan dala 30 a bil

Jama'a, duk mai layin wayar intanet a Amurka, wato VoIP, na gida ne ko na ofis, ya ɗauko bil ɗinsa na watan nan ya ajiye kusa da na shekara biyu baya. Farashin tsarin da ya saya yana nan yadda yake, amma jimillar da ke ƙasa ta hau. Idan ka kira kamfani ka tambaya, amsar ɗaya ce: haraji ne, ba mu muka sa ba. Wannan amsa rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka ɓoye shi ne ke ba ni haushi.

Abin da ke ƙarƙashin farashin kala uku ne, an cakuɗa su wuri guda da gangan. Akwai haraji na haƙiƙa da jiha ko birni ya ɗora. Akwai kuɗin da gwamnatin tarayya ta ɗora wa kamfanin, shi kuma ya juyo da shi kanka. Sai na ukun, kuɗin da kamfani ya ƙirƙira da kansa ya raɗa masa suna mai kama da na hukuma.

Mu fara da babban, asusun USF, wanda dokar sadarwa ta 1996 ta ba shi siffarsa ta yanzu. Da kuɗinsa ake tallafa wa kamfanonin da ke kai layi ƙauyuka masu nisa, ake rage wa marasa ƙarfi kuɗin waya ta shirin Lifeline, ake haɗa makarantu da ɗakunan karatu da intanet, ake kuma taimaka wa asibitocin karkara. Kimanin dala biliyan 8 yake kashewa a shekara. A 2006 hukumar sadarwa ta FCC ta ce kamfanonin wayar intanet da ke iya kiran layukan waya na yau da kullum su ma su riƙa zuba nasu kason.

Ga yadda lissafin yake. Ana ɗora kuɗin ne a kan abin da kamfani ya samu daga kiran da ya tsallaka jiha ko ya fita ƙasar waje. Da yake wayar intanet ba ta zama wuri ɗaya, FCC ta ba kamfanoni mafita: su ɗauka kawai cewa kashi 64.9 cikin 100 na kuɗin tsarin na irin wannan kira ne. A kan wannan kason ake buga wani adadi da ke canjawa duk wata uku. Lokacin da aka shigo da wayar intanet cikin tsarin, adadin yana wajen kashi 10. A tsakiyar 2021 ya haura kashi 33, a wata ukun farko na 2025 ya kai kashi 36.3. To ɗauki tsarin dala 20. Kashi 64.9 nasa dala 12.98 ne. Buga kashi 36.3 a kai, ka samu dala 4.71 a kowane wata. Da adadin 2006 ne, da abin yana wajen dala 1.30. Ba ka ƙara kira ba, ba a gyara maka layi ba, kuɗin ya ninka fiye da sau uku.

Me ya sa yake ta hawa? Mutane da yawa sun ɗauka asusun ne ya faɗaɗa cikinsa. Babban dalilin ba nan yake ba. Kuɗin da ake samu daga kiran murya ne ke ta raguwa shekara da shekaru, domin jama'a sun koma saƙo da kiran bidiyo ta manhajoji irin su WhatsApp, waɗanda ba sa shiga wannan lissafi. Kuɗin da ake biya na intanet kuma, duk da girmansa, ba a ɗiba daga cikinsa. Buƙata tana nan, masu biya sun ragu, dole kason kowa ya kumbura. Abin takaicin, yawancin abin da asusun ke ginawa yanzu intanet ne, amma masu kiran murya ke ɗauke da nauyinsa. Su wa suka rage a kan layin murya na gida? Tsofaffi, ƙananan 'yan kasuwa, ƙananan asibitoci, da masu kiran dangi a ƙasashen waje. Waɗannan na ƙarshe sun fi kowa ji a jika, saboda kiran ƙasar waje da ake biya da minti gaba ɗayansa yake shiga lissafin, babu ragin nan na kashi 64.9.

Ni ban ga laifin manufar asusun ba, kuma ba na cikin masu neman a rushe shi. An gwada hakan a kotu: a 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce tsarin asusun ya saɓa wa kundin tsarin mulki, a watan Yuni na 2025 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci da ƙuri'a 6 da 3. Asusun ya tsira, matsalar masu biya kuma tana nan inda take. Gyaran a hannun Majalisa da FCC yake: ko a faɗaɗa masu zubawa har da kuɗin intanet, ko a ɗauki nauyin daga kasafin kuɗin ƙasa. Na san na farkon zai ƙara wani abu a bil ɗin intanet, masu adawa da shi ba ƙarya suke yi ba. Amma ɗan kaɗan a kan kowa ya fi adalci nesa ba kusa ba a kan sulusi da ɗori a kan 'yan tsiraru.

Abu biyu ya kamata ka sani game da wannan kuɗi na USF da ke kan bil ɗinka. Na farko, doka ba ta tilasta wa kamfani ya karɓa daga hannunka ba, dama kawai ta ba shi. Na biyu, ƙa'idar FCC ta hana shi karɓar fiye da abin da lissafin ya bayar. Don haka ka raba kuɗin USF da farashin tsarinka. A adadin farkon 2025 bai kamata ya wuce kusan kashi 23.6 ba. In ya wuce, ko dai kiran ƙasar waje ne ya ɗaga shi, ko an haɗa da wasu kuɗaɗen kamfanin a lissafin, ko kuma akwai abin tambaya. In ya yi ƙasa sosai, wataƙila kamfanin ya auna ainihin kiran mutanensa ya miƙa wa hukuma, wanda shi ma halal ne.

Kuɗin 911, lambar kiran gaggawa ta Amurka, ya fi sauƙin ganewa. Tun 2005 aka wajabta wa waɗannan kamfanoni su haɗa mutanensu da kiran gaggawa, jihohi da birane kuma su ke yanka abin da za a biya. Wani wuri bai kai dala ɗaya ba, a Shikago dala 5 ne kan kowane layi a wata tun 2018. Haɗa shi da dala 4.71 ɗin can, tsarin dala 20 ya zama dala 29.71 tun ba a taɓa harajin jiha ba. Wasu jihohi, irin su Bajiniya da Washinton da Kalifoniya, sun ƙara ɗan kuɗin layin 988 na masu neman agajin lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda aka buɗe a Yulin 2022. Wannan ba na jin ciwon biyansa. Abin da ke da ciwo shi ne rahotannin FCC na shekara-shekara sun sha nuna wasu jihohi, har da Niyok da Nu Jasi, suna karkatar da kuɗin 911 zuwa wasu hidimomin.

In wani ya ce maka ai doka ta hana ɗora haraji a kan intanet, gaskiya ne, tun 1998, an kuma dawwamar da dokar a 2016. Sai dai shiga intanet ta kare, ba ta rufe wayar intanet ba.

Yanzu kala na uku, inda ake fakewa da guzuma a harbi karsana. A kan bil za ka ga layi mai suna kamar kuɗin bin ƙa'idojin hukuma, ko kuɗin mayar da ɗawainiya, ko kuɗin gudanarwa. An jera shi daf da harajin gaske, da ƙananan baƙaƙe iri ɗaya. Ba gwamnatin da ta yanka shi, ba asusun da ake zuba shi, aljihun kamfani yake shiga. Albashin lauyoyi da kuɗin cike takardu ɗawainiyar kasuwanci ce kamar hayar ofis, wurinta cikin farashi. An ciro ta ne don talla ta ci gaba da cewa dala 19.99, kuma don a iya ƙara kuɗi ba tare da an ce an ƙara farashi ba. Shi ya sa alƙawarin nan na farashi ba zai canja ba tsawon shekara biyu yakan zo da togaciya a ƙasa cewa ban da haraji da sauran kuɗaɗe. Kar kuma ka rikita kuɗin 911 na jiha da wani kuɗin hidimar 911 da wasu kamfanoni ke karɓa wa kansu. Layi biyu ne daban. A Nuwamban 2022 kamfanin Vonage ya amince ya biya dala miliyan 100 bayan hukumar kare masu saye ta FTC ta zarge shi da ɗora kuɗaɗen ba-zata da wahalar da masu son barinsa. A Afrilun 2024 aka fara tilasta wa manyan kamfanonin intanet su manna takardar da ke nuna farashi da kuɗaɗen da ke biye da shi. Ban ga dalilin da zai hana a yi wa wayar murya haka ba.

Kafin a kai can, ga abin da ke hannunka. Duba adireshin da ke kan asusunka, domin da shi ake lissafa harajin jiha da na birni. Wanda ya ƙaura bai canja ba yana iya biyan kuɗin garin da ya bari, kuma mafi muni, in ya kira 911 a tura motar agaji tsohon gidansa. Masu ofis su ƙirga layukansu: kuɗin 911 da na kamfani galibi kan kowane layi suke, don haka lambar faks da aka daina amfani da ita ko layin ma'aikacin da ya bar aiki suna cin kuɗi duk wata. In za ka kwatanta kamfanoni, kada ka dubi talla, ka ba su adireshinka ka ce su rubuto maka jimillar wata ɗaya da komai a ciki. Ka tambaye su kai tsaye, a rubuce, wane kuɗi ne doka ta yanka, wane ne nasu. In sun yi ta kewaye-kewaye, ka shigar da ƙorafi a shafin FCC; kyauta ne, kuma dole kamfanin ya amsa cikin kwana 30.

In ka yanke shawarar komawa wani kamfani, lambarka taka ce, doka ta ba ka damar tafiya da ita. Amma kada ka rufe tsohon asusun da kanka tukuna, in ka rufe lambar na iya salwanta. Ka ba sabon kamfanin lambar asusu da lambar sirri da adireshi daidai yadda suke a tsohon bil, don bambancin harafi ɗaya kan sa a mayar da buƙatar. Sai lambar ta fara ringi a sabon layin sannan ka kira tsohon kamfani ka soke, ka kuma nemi shaidar sokewar a rubuce.