Jinin da Muke Tofarwa Wajen Alwala

Jiya da azahar muna alwala, wani bawan Allah a gefena ya kurkure baki ya tofar, sai ga jini jawur. Na ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ya ce, "Ba komai, ya fi shekara yana yi min haka." Wallahi har aka sallame sallah hankalina bai kwanta ba. Amsar nan yayana ya riƙa ba mu, ni kuma ban taɓa matsa masa ba. Yau haƙoransa uku sun zube, bai cika 50 ba.

'Yan'uwa, dasashi mai lafiya ba ya jini. Ragowar tuwo da shayi mai suga da muke kwana da su a baki, su ƙwayoyin cuta ke taruwa a kai a gindin haƙori. In aka bar dattin nan kwanaki sai ya daskare kamar dutse, buroshi ba ya ɓamɓare shi, asuwaki ma haka. Dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, daga nan ciwon ya gangara ya ci ƙashin da ke riƙe haƙori. Ƙashin da ya cinye kuwa ba ya dawowa da kansa.

Abin da ya fi ci min rai, asuwakin yana aljihunmu! Ado kawai muka mai da shi, sai ranar Juma'a a ɗan goga a mayar. Manzon Allah (SAW) yana cikin ciwon ajali ya kalli asuwakin Abdurrahman ɗan Abubakar, Nana A'isha ta tausasa masa ya goge bakinsa. Mu da lafiyarmu, minti biyu safe da dare sun gagare mu?

Mai shan taba, naka ya fi haɗari, don taba tana ɓoye jinin alhali ciwon na ci. Mai ciwon suga, kai ma ka kula. 'Yar'uwa mai juna biyu, kada ki ce ai laulayi ne. Mu bar sakace da allura da tsinken tsintsiya.

Ruwan gishiri mai ɗumi yana rage zafi, amma ba ya cire dutsen nan, sai likitan haƙori ya wanke shi. In tun da wuri ne, dasashi yana warkewa sarai.

Don Allah, in ka ga jini gobe da asuba, kada ka ce ba komai. Ka je asibiti. In a bakin ɗan'uwanka ka gani, ka matsa masa, don Allah ka matsa masa.