Likitan da Zariya ta horar yana duba tsofaffin ƙauyen Asir

Shekara bakwai ke nan ina tuƙi a Jidda, a gidan wani bawan Allah ɗan asalin yankin Asir. Duk lokacin zafi iyalinsa kan tafi ƙauyensu can saman duwatsu, bayan Abha, kuma ni ke kai su. Bara tsohuwarsa mai fama da ciwon suga ta tashi da jiri, muka garzaya da ita markaz sihhi, wato ƙaramin asibitin ƙauyen. Gini ne madaidaici, bai fi wanda aka yi mana a mazaɓarmu can gida Najeriya girma ba. Amma ga wuta, ga firij na magani yana aiki, ga wurin gwajin jini, ga ma'aikata a bakin aiki. Likitan ya gama duba ta, ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Malam, daga wane gari?" da Hausa tsantsa. Bakatsine ne, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu.

Na yi murna ƙwarai, amma kafin mu fito murnar ta koma ciki. Wata biyu kafin nan naƙuda ta kama matar ƙanena cikin dare. Asibitin mazaɓarmu a kulle, domin ma'aikaciya ɗaya tal ce, kuma a cikin gari take kwana. A babur aka ɗauke ta zuwa babban asibiti. Ƙarfe uku na dare ya kira ni: "Yaya, sun ce mu sayo safar hannu da ruwan ƙari da allura, a nemo jini leda biyu." Na tura kuɗin. Allah ya yi wa uwar sauran kwana, jaririn dai bai zo da rai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Saura kaɗan ta shiga irin wannan lissafi.

Na san abin da za a ce mini: Saudiyya mai arziki ce. Gaskiya ne. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta miliyan 32 ne, mu kuwa mun haura miliyan 200, kuma man da take haƙowa kullum ya ninka namu fiye da sau biyar. Sannan nan ɗin ma ba kowa ke shan romon ba. Ɗan'uwanmu da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, a unguwar Shara Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda, in ciwo ya kama shi, sai dai kemis da addu'a. Don haka ba na neman a auna mu da ma'aunin Riyad. A auna mu da alkawarin da muka ɗauka da bakinmu.

A Abuja, a watan Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinta ga lafiya. Mu masu masaukin baƙi, shekara da shekaru muna yawo a wajen kashi biyar. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Abin da na gani a Asir ya nuna mini inda gizo ke saƙa: mu gini muka iya. A yi fenti, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a watse. Albashin ungozoma biyu da za su raba dare da rana, gidan da za su kwana kusa da asibitin, sola, magani, man mota, waɗannan kuɗi ne na kowane wata, ba sa fitowa a hoto, shi ya sa ba su da mai tsaya musu.

Haka labarin yake a jami'o'i. Tsakanin 2005 da 2007 Saudiyya ta buɗe jami'o'i a yankunan da ke nesa da manyan birane, irin su Jazan, Najran, Tabuk da Baha, ta kuma haɗa su da kwalejojin likitanci. Ɗalibi ɗan ƙasa a jami'ar gwamnati ba ya biyan kuɗin makaranta, har mukafa'a ake ba shi duk wata, wajen riyal dubu. Mu ma an buɗe mana a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere a 2011, Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, kuma alheri ne babba. Asusun TETFund, wanda ke samun kuɗi daga harajin ribar kamfanoni, ya yi gine-gine masu kyau, ban musa ba. To amma a 2022 wata takwas cur ɗalibai na zaune a gida saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗakin karatu mai bene ba ya koyar da kowa in malamin ya tattara ya bar ƙasar.

Asibitin ƙauye da jami'a igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Yarinyar da ta tashi a ƙauyenmu, in aka ɗauki nauyin karatunta na aikin jinya a kusa da gida, aka ba ta albashi mai riƙe mutum, ita ce za ta yarda ta kwana a asibitin nan. Ya kamata jihohi su ɗauki nauyin irin waɗannan yara bisa sharaɗin su yi wa mazaɓarsu aiki na wasu shekaru, a kuma riƙa manna takardar kuɗin da ya shigo kowane asibiti a jikin ƙofarsa, mai unguwa da liman da kowa su gani.

Kafin mu rabu na tambayi likitan nan ko yana da niyyar komawa gida. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Malam, wallahi kullum zuciyata tana can. Amma na gaji da rubuta wa mutum maganin da na san ba shi da kuɗin saya." Sai aka kira mai bi, wani dattijo da sanda, ya miƙe ya tarbe shi da Larabci.