Masu Tallan Gurbin Aiki, Ku Ji Tsoron Allah

Jiya da daddare ƙanena ya turo mini sanarwar neman ma'aikaci daga wani ƙaramin kamfani a nan Kaduna. Mai haɗa manhaja suke nema, wai a matakin farawa. Sharuɗɗa kuwa: gogewar shekara 5, ya iya kayan rubuta manhaja irin su React da Flutter da Python, ya iya kula da saba (kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta), ya iya tsara fuskar manhaja, kuma kada ya haura shekara 26. Albashin ko kuɗin mota da data ba zai riƙe ba. A ƙasa ya rubuto: "Yaya, a wace kasuwa ake sayar da shekara biyar?"

Da ku nake, 'yan'uwana da Allah ya ɗora a kujerar ɗaukar aiki. Da yawanku tare muka yi layin kafen intanet muna koyon HTML, harshen gina shafin intanet, awa ɗaya muna kallon agogo. Wa ya tambaye ku shekara biyar a lokacin?

Ku yi lissafi mana. Yaro ya shiga ABU yana ɗan 18. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci masa wata 9, na 2022 ya ƙara cin wata 8. Ya gama, ya jira kiran bautar ƙasa, ya ba ta shekara guda. Ya fito yana 24 ko 25, abin da ya mallaka wata 6 na SIWES, wato horon aiki na ɗalibai. Shekara biyar ɗin nan a cikin uwarsa zai yi su?

Abin haushin ma, mai rubuta sharuɗɗan sau da yawa bai san me ya rubuta ba. Kwafowa ya yi daga shafin neman aiki na LinkedIn ya liƙa. A 2020 Sebastián Ramírez, wanda ya ƙirƙiri wata manhajar masu haɗa manhaja mai suna FastAPI, ya ce ya ga tallan aiki ana neman gogewar sama da shekara 4 a kanta, alhali shi mai abin shekara ɗaya da rabi ke nan da yin ta. Mun yi dariya a lokacin, yau mu ke yi. ChatGPT a Nuwamban 2022 ya fito, amma sai ka ga ana neman wanda ya tsufa a harkarsa.

Wanda ya tsallake wannan shinge kuma sai a danƙa masa "aikin gwaji": manhaja sukutum, cikin mako guda. Ya zuba mai a janareta, ya ƙona data, ya kwana ido biyu, ya tura. Shiru. Ko "ka yi haƙuri" babu. Bayan wata biyu ɗan wani babba da ko Git, manhajar da masu wannan sana'a ke adana aikinsu da ita, bai taɓa buɗewa ba ya bayyana a kujerar. Haƙƙi ne fa, wallahi, kuma ba ya barci.

Ku ma samari ban wanke ku ba. Mutum ya kalli bidiyo uku a YouTube ya cika takardarsa da harsunan kwamfuta goma, a zaunar da shi ya kasa rubuta layi biyar. Ƙarya ƙarya ce. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wanda ya gindaya abin da ba zai yiwu ba, maƙaryata ya gayyato, mai gaskiya tun a ƙofa zai juya.

Ku leƙa Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta nan Kaduna. Uba ya kawo yaro ko riƙon guduma bai iya ba, maigida ya karɓe shi, ya ba shi shara da aike, sannu a hankali ya miƙa masa walda, ranar yaye har da addu'a. Da rarrafe yaro kan tashi. A da ofisoshi ma haka suke, babba na jan ƙarami a jiki, ya gyara masa kuskure da jan biro, ya ce gobe ka sake. Yanzu kowa dafaffe yake so, ba mai son hura wuta.

Gwamnati ta kawo shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT a 2023 da burin horar da matasa miliyan 3. To, in sun gama wa zai ba su shekarar farko? Ku sassauta, ku duba abin da yaro ya gina a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu, ku zauna da shi ku ji tunaninsa. Waɗanda kuka kora, mai sa'a yana ɗakinsa a Unguwar Rimi yana yi wa Turawa aiki da dala, sauran kuma sun kafa lema a bakin titi suna POS.