A ci tarar mai taurin kai, amma kar a sa wa ceto farashi

A watan Afrilun 2025 wani ɗalibi ɗan China mai shekara 27 da ke zaune a Japan ya hau Dutsen Fuji, lokacin ma ba a buɗe hanya ba don sai Yuli ake buɗewa zuwa farkon Satumba, ya maƙale can sama sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi. Kwana huɗu tsakani bawan Allah ya sake komawa, wai zai ɗauko wayarsa, aka sake zuwa aka sauko da shi. Sai jama'a suka yi caa, kowa na cewa a caje shi kuɗin ceto.

Abin da haushi kam, dutsen nan mita 3,776 ne kuma masu ceton ma ransu suke sawa a ciki. Amma ni ban tare da masu wannan kiran.

Yawancin waɗanda ake cetowa ba irin wannan ɗalibin ba ne. Alƙaluman 'yan sandan Japan kan haɗurran duwatsun ƙasar kusan kowace shekara abu ɗaya suke nunawa, ɓatan hanya shi ne kan gaba, kusan mutum ɗaya cikin uku. Kuma yadda sabon shiga ke ɓata kusan iri ɗaya ne, wajen saukowa ne, ya gaji, yamma ta yi, hazo ya rufe, sai ya kauce daga hanya bai sani ba, maimakon ya juya ya koma inda ya ga alama ta ƙarshe sai zuciya ta ce masa ai ƙasa za ka, bi gangara kawai. Gangarar ta kai shi kwazazzabo, ya bi ruwa har ruwan ya ɓulle bakin rami mai zurfi, ba gaba ba baya. Cajin waya kuma sanyi ya cinye shi tuntuni, taswirar duk a cikinta take. Shi ya sa masu koyar da hawan dutse a can ke cewa in ka ɓata kar ka gangara kwari, koma baya ko ka hau tudu.

To wannan mutumin in ya san kiran agaji kuɗi ne masu yawa, me zai yi? Zai ce bari in ƙara gwadawa, kuma a ƙara gwadawar nan ake mutuwa. Kiran da zai yi da la'asar sai ya zama neman gawa na kwana da kwanaki.

Matakin ƙofa ya fi min ma'ana. Tun 2024 aka sa ƙofa a hanyar Yoshida, ɗaya daga cikin hanyoyin hawan Fuji, aka ƙayyade mutum 4,000 a rana, a 2025 kuɗin shiga ya zama yen 4,000 (kuɗin Japan) kuma ana rufewa ƙarfe 2 na rana ga wanda bai kama makwanci a sama ba. A nan ya kamata a tsananta, a duba takalmi da rigar sanyi da tocila, wanda ya tsallake shinge bayan an rufe a ci shi tara mai zafi ko an cece shi ko ba a cece shi ba.

Samarinmu na Abuja da Jos da suka fara yayin hawan dutse ranar Asabar su ma dan Allah su riƙa gaya wa wani a gida dutsen da za su da lokacin dawowa, mu nan ba jirgin da zai taso.