Maganin kanjamau kyauta ne, amma da kuɗin wa?

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. Nan da nan hankalin masu karɓar maganin rage kaifin cutar kanjamau ya tashi, tun daga manyan asibitocin cikin birnin Abuja har Gwagwalada da Kubwa da Nyanya. Tambayar ɗaya ce a bakin kowa: idan wanda ke hannu ya ƙare, akwai wani?

Da yawa daga cikinmu sai a lokacin suka fahimci cewa ƙwayar nan guda ɗaya da ake sha kullum, wadda ta mayar da kanjamau daga hukuncin kisa zuwa ciwon da ake rayuwa da shi har tsufa, ba aljihunmu ne ke sayen mafi yawanta ba. Shirin PEPFAR na Amurka na yaƙi da kanjamau, wanda Shugaba George W. Bush ya ƙaddamar a 2003, da asusun tallafin lafiya na duniya, Global Fund, da aka kafa a 2002, su ne suka ɗauki kaso mafi tsoka na magani da kayan gwaji, har da albashin ma'aikata da dama. Amurka kaɗai ta zuba fiye da dala biliyan 6 a wannan fanni a Najeriya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Duk mai gaskiya zai ce an gode. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara.

Abin haushin shi ne a garin nan aka yi alkawarin. A Afrilun 2001, zamanin Obasanjo, shugabannin Afirka suka hallara a Abuja a taron da aka kira domin kanjamau da tarin fuka, suka amince kowace ƙasa ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Mu masu masaukin baƙi ba mu taɓa cika alkawarin ba. Shekara da shekaru muna yawo a wajejen kashi 5.

Ba a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta amince da naira biliyan 4.8 domin sayo magani, majalisar dokoki kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike gurbin. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sha nanata cewa lokaci ya yi da za mu ɗauki nauyin kanmu. Na yarda da shi. Amma ni abin da ya fi damuna ba ƙwayar maganin ba ce.

Duk lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci, magani ake fara karewa, kuma daidai ne, tunda wanda ya daina sha ƙwayar cutar za ta sake yawaita a jininsa, ta ma iya daina jin maganin. Ko Amurka da ta sassauta umarninta, magani ta ceto; maganin kariya kafin kamuwa kuwa sai ta taƙaita shi ga masu ciki da masu shayarwa. Abin da ake yanka ba tare da an ji kuka ba shi ne wayar da kai: matar da ke shiga gida gida tana lallashin mai ciki ta je awo, matashin da ke zama da direbobi a tashar Zuba ko 'yan katako a Dei-Dei, ma'aikacin da ke bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani. Ba a ganin ɓarnar sallamar waɗannan nan take. Sai bayan shekaru, a ɗakin haihuwa. Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar, alhali uwar da ta sha magani yadda ya kamata da wuya ta shafa wa ɗanta. Babban dalili shi ne mata da yawa ba sa zuwa awo, a gida suke haihuwa a hannun ungozoma.

Kuma wannan aiki ne da bai buƙatar dala. Mu Hausawan Abuja da kewaye, na Gwagwa da Karmo da Mararaba, muna da masallatan Juma'a da Islamiyyu da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Baƙon da ya zo da motar ƙungiya da takardun Turanci, ana iya yi masa kallon mai wata manufa. Mun ga yadda irin wannan zargi ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003. Limamin unguwa kuwa idan ya ce a yi gwaji kafin ɗaurin aure, ko wanzami ya sauya reza ga kowane mutum, magana ta zauna. Kano ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Mataki ne mai kyau, in dai za a rufa wa mutane asiri, don akwai dokar hana tsangwama tun 2014 amma har gobe wasu na tsallake asibitin unguwarsu su tafi mai nisa, gudun kada a gan su a layi.

Wani zai ce da wanne za mu ji, ga yunwa ga tsadar rayuwa? Gaskiya ne. To amma attajiran da ke gina masallaci na biyu a layi ɗaya, me zai hana su ɗauki albashin mata goma masu bibiyar masu ciki, ko kuɗin motar marayan da ke zuwa karɓar magani? A 2022 an ƙaddamar da asusun amana na kanjamau domin 'yan kasuwa su zuba kuɗi, da burin tara naira biliyan 62. Ya kamata hukumar yaƙi da kanjamau ta ƙasa, NACA, ta fito ta gaya mana nawa ya shiga, a ina aka kashe, kuma nawa ne ya isa ƙananan asibitocin Kwali da Abaji.