Kube Ya Fi Wuƙa

Wata magana ce da maƙwabcina ya yaɓa min ranar Babbar Sallar bara ta jawo min duk wannan wahala. Na aika yaro ya aro min wuƙar yanka kamar yadda na saba, sai ga shi ya kawo ta da kansa, ya miƙo min a gaban baƙi, ya ce, "Wai Malam, kai ko ranar ɗaurin aurenka ma aron hula ka yi?" Aka bushe da dariya, ni ma na yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. A zuci kuwa na ƙudurta baɗi da wuƙata zan yanka ragona, kuma ba ta kasuwa ba, wadda na ƙera da hannuna.

Ni malamin makaranta ne, abu mafi nauyi da nake ɗagawa a wurin aiki shi ne rajistar aji. Amma fa ɗan Daura ne ni. Na taso ina jin yadda Bayajida ya biya ta wurin maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya zo ya fille kan macijiyar rijiyar Kusugu, wadda ta hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Na koyar da yara wannan labari ban san adadi ba, amma ban taɓa lura cewa shi kansa Bayajida, duk da jarumtarsa, bai ce bari ya ƙera da kansa ba. Maƙera ya ba aiki. Ni kuwa na kwana uku ina kallon wasu Turawan Amurka masu gemu a YouTube, cikin minti 12 ƙarfe ya zama wuƙa, har su aske gashin hannu da ita. Na ce ashe abin ba wuya.

Na zana wuƙata a takardar jarrabawa: inci 18, ban da ƙota. Da zanen na wuce wurin baduku na ce ya ɗinka min kube na jar fata, da ado kore, da tuntaye. Ya juya takardar, ya ce, "Ina wuƙar take?" Na ce tana tafe. Ya ce, "To, mu dai mun saba sai an haihu ake gwada wa yaro riga, amma tunda kuɗinka ne." Daga nan na je wurin maƙerin fari, masu aikin azurfa da tagulla, ya yi min zoben tagulla na bakin ƙota da 'yar hula ta gindinta. Masassaƙi ya fere min ƙota inci 7 da icen aduwa, irin wanda ake allo da shi. Komai ya kammala, saura abu ɗaya, wato wuƙar.

Wurin 'yan gwangwan na sayi sifirin ɗin wata tsohuwar a-kori-kura, na saɓa shi a kafaɗa na nufi maƙerar wani dattijo, maƙerin baƙi, wanda garma da fartanya da lauje suka cika gabansa saboda damina ta kawo jiki. Na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake ka ara min wutarka da kayan aikinka, ni zan yi ƙirar."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Na manta ban faɗa ba, farar shadda na sa.

"Malam, ka gaji ƙira ne?"

"A'a Baba, amma na yi bincike sosai."

"Madalla. Sai dai ita wutar ba ta yi makaranta ba. Zauna can ka karɓi yaron nan."

Wato zuga-zugi. Tun ina yaro nake ganin ana zuga, kamar kiɗa, wannan hannu ya sauka wancan ya tashi. Ni da na kama sai na danne fatun biyu lokaci guda da iyakar ƙarfina. Toka da tartsatsin gawayin ƙirya suka yi sama suka dawo kaina. Kafin in gama tari, gaban shaddata ya zama rariya. Yaron da na karɓa, wanda bai wuce shekara 10 ba, ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Da ƙarfe ya yi ja, Baba ya ciro shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, ya miƙo min masaba. Bugun farko uwar maƙerar na samu, hannuna ya amsa har ƙeya. Na biyu na samu awartaki. Kafin in saita na uku ƙarfen ya huce, na ci gaba da jibgarsa a haka har Baba ya riƙe min hannu, ya ce ƙarfe da zafinsa ake dukansa, in ya yi baƙi gaba kawai nake yi da shi. Abin da babu wanda ya gaya min a bidiyo kuwa shi ne, idan kana dukan gefen da zai zama kaifi, gefen yana ƙara tsawo, sai wuƙar ta lanƙwashe ta baya. Kafin la'asar abin da ke hannuna ba wuƙa ba, ba lauje ba, ya fi kama da jinjirin wata. Wani manomi da ya zo karɓar garmarsa ya tambaya ko sabon samfurin kayan girbi ne gwamnati ta kawo. Baba ya karɓa, ya yi mata bugu uku a gadon baya, ta miƙe sak. Uku kacal. Ni tun hantsi nake.

Kashegari hannuwana duk sun yi bororo, loma ma da cokali na yi ta, amma na koma. Ranar ce na bar wuƙar cikin wuta na tsaya ɗaukar hoto don in tura wa maƙwabcina. Ina neman inda haske zai fi kama fuskata, sai na ji tsinin yana tartsatsi fari fat, gwanin sha'awa. Har na ce wa yaron ya ƙara zuga. Ashe ƙarfen ne ke ƙonewa. Baba ya datse wurin da ya lalace ba tare da ya ce uffan ba. Inci 18 ta koma 14. Na lallashi kaina cewa kube ai ba ya tona asiri.

Sai babbar rana, ranar da za a taurara ƙarfe. Nan kam na zo da ilimi. Na karanta cewa idan ƙarfe ya kai wajen digiri 770 na zafi, maganaɗisu ba ya kama shi, kuma daga nan ya kusa isa a tsoma shi. Don haka na kwance lasifikar rediyon uwargida na ciro maganaɗisun, da niyyar mayarwa kafin ta farga. Baba ya kalli abin, ya ce shi shekara da shekaru launin ƙarfe yake dubawa a inuwa, amma ba laifi. Ya aiki yaro gareji ya samo baƙin mai, shi kuma aka kira shi waje cinikin gatari. Har ya kai ƙofa ya waiwayo: "Malam, kada ka taɓa sai na dawo."

Wuƙa ta yi ja, maganaɗisu ya saki, ga kaskon ruwa a gefena. Na ce a raina mai da ruwa ai duk sanyaya abu suke yi. Na tsunduma ta. Cikin ƙarar tafasa na ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na yi kamar ban ji ba. Na goge ta, na ga ta yi tauri har magagari yana zamewa a kanta, sai farin ciki ya kama ni. Na kira masu zaman jiran aiki su zo su shaida, na ɗaga ta sama na kai wa wani kututture sara.

Abin da na ji kawai shi ne fiuu, sannan fuuus. Rabin wuƙar da ɗoriya ya tashi sama ya sauka tsakiyar zuga-zugin Baba, fatar ta sace kamar tayar keke. Abin da ya rage a hannuna inci 5 ne.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Zama ya yi ya bayyana min a hankali, a gaban kowa, cewa sifirin ƙarfe ne mai zuciya, ruwa yana sanyaya shi da gaggawa har ya tsage, shi ya sa ake ba shi mai. Kuma ko da man ne, sai an sake ɗumama shi sannu a hankali har ya yi launin busasshiyar ciyawa, in ba haka ba taurinsa irin na kwalba ne. Sannan ya faɗa min kuɗin fatar akuya. Guntun da ya rage shi ya gyara shi da kansa, ya fitar masa da tsini, ya ƙona wutsiyarsa ya zura cikin ƙotata, ya sa zoben tagulla. Gaskiya wuƙa ta yi kaifi. Ƙotar ce dai ta fi ta tsawo da inci 2.

Na zura ta cikin kube na rataye a zaure. Duk wanda ya shigo sai ya ce tubarkalla. Ban yi wa kowa ƙarya ba, ban kuma zare ta ba. Na shirya a asirce ran Sallah in aika yaro ta ƙofar baya ya aro ta maƙwabci, da sunan za a yi fiɗa da ita.

Ran Sallah, liman ya yanka nasa, mun dawo daga idi, sai ga sallama. Maƙwabcina ne da 'ya'yansa uku, suna jan wani rago mai ƙaho da ya sayo a Mai'aduwa. Ya ce ai tun da ya ga hoton da na tura masa ya ba surukinsa na Sandamu tasa wuƙar kyauta, don ba shi da sauran buƙatarta. "Malam, fito mana da ta Bayajida, a fara da naka."

Na sauko da kube. Na kama ƙota na ja, ina jin kamar in ci gaba da ja ko Allah zai sa ta ƙaru. Wuri ya yi tsit, har ragon ya daina kuka. Maƙwabcina ya karɓi kuben, ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya kifa shi ya girgiza, wai ko sauran ya maƙale.

Daga bayan labule uwargida ta ce, "Malam, in kun gama kallo a miƙo min, albasa zan yanka. Kuma har yanzu ina jiran bayanin abin da ya kama rediyona."

Mahauci bai iso layinmu ba sai bayan la'asar. Muka zauna a dakali, ni da maƙwabcina, kowa riƙe da igiyar ragonsa.