Ka kira shi a bidiyo, ka ɓoye masa cewa duniya na kallo

Tun daren jiya nake ta danne zuciyata kan maganar nan, abin ya ƙi dannuwa. Wani ne yana kan laif, wato yana watsa bidiyonsa kai tsaye a intanet, ya kira abokinsa mara lafiya a bidiyo, ya haska shi ga jama'a bai sani ba. Ba zan kama suna ba, bidiyon ma ba zan saka ba, masu turo min shi don Allah ku daina. Magana ɗaya ce a bakina, kuma zan yi ta nanata ta har ta shiga kunne: duk wanda ya kira mutum a bidiyo alhali yana kan laif, bai gaya masa cewa jama'a na kallo ba, ya ci amanarsa. Ku kira shi raha, ku kira shi nishaɗi, ni cin amana na gani da idona.

Ina cikin masu kallo lokacin da abin ya faru. Hira ta yi sanyi, mutane sun fara zamewa, sai mai laif ɗin ya ce bari ya kira mutuminsa a ɗan yi dariya. Ya ɗauko waya ta biyu, ya danna kira, ya juya fuskarta ga kyamara. Bawan Allah ya ɗaga yana kwance, ɗakin duhu, hasken waya ne kawai a fuskarsa, ga kwalaben magani a jere kusa da filo. Abin da ya fara cewa shi ne, "Ɗan uwa, kamar ka san kai nake nema." Daga nan ya shiga faɗin abin da likita ya gaya masa, da bashin da ake binsa, muryarsa na rawa. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta leƙo ta bayan kafaɗarsa tana ɗaga hannu. Shi kuwa mai laif yana ƙunshe dariya, ido ɗaya kan abokinsa, ɗaya kan sharhin da ke gudu a allo. Sau uku ina rubuta "ka katse kiran nan", rubutuna ya nutse cikin alamomin dariya. Abin da ya hana ni barci shi ne ƙarshen. Wani ya turo kyauta, mai laif ya manta ya yi masa godiya da ƙarfi. Mara lafiyar ya yi tsit, can ya ce, "Da wa kake magana?" Bai jira amsa ba, ya ja bargo ya rufe fuskarsa.

Wallahi duk wanda ya ga wannan jan bargon kuma har yanzu yake cewa wasa ne, ya binciki zuciyarsa.

Mutumin da ya ɗaga kiran bidiyo ya yarda da abu ɗaya ne: wanda sunansa ya fito a allo ya gan shi. Iyakar abin da ya amince da shi ke nan. Shi ya sa yake ɗagawa a kwance, ko ba riga, ko idonsa da hawaye. WhatsApp ya kammala kulle saƙonni da kiraye-kiraye daga waya zuwa waya a watan Afrilun 2016, ya kawo kiran bidiyo a Nuwamban shekarar, tun lokacin mutane suka saki jiki cewa babu na uku a tsakani. Amma kwaɗo komai ƙarfinsa ba ya hana mai riƙe da makulli buɗe ƙofa. Babu injiniyan da zai iya kare ka daga abokin da ya juya wayarsa ga kyamara ta biyu. A nan amana ce kaɗai katangar, kuma ita aka rusa jiya.

Na ga masu kare shi suna cewa ai ya goge laif ɗin. Ya goge me? Magana zarar bunu ce, balle bidiyo. Tun 2017 iPhone ta zo da maɓallin naɗar allo a cikinta, Android ma ta saka nata a 2020, ba sai ka sauke wata manhaja ba. Kafin ya kai hannu kan maɓallin gogewa, mutum nawa ne suka riga suka naɗa? Ni kaɗai tun asuba an turo min shi daga wurare daban-daban, wani har an ɗora masa kiɗa. Ga misali mai nauyi, kuma ba ina haɗa girman laifin biyu ba ne, Allah ya sawwaƙe, ina so ne ku ga yadda laif yake. Ranar 15 ga Maris 2019, ɗan ta'addan da ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a birnin Christchurch na Niyu Zilan ya watsa aika-aikarsa kai tsaye a Facebook. Kamfanin da kansa ya ce waɗanda suka kalla a lokacin da ake watsawa ba su kai 200 ba, amma cikin awa 24 na farko sai da ya cire ko ya tare kwafi miliyan 1.5. Kamfani mai dubban ma'aikata ke nan yake bin bidiyo ɗaya yana haki. To kai da yatsanka ɗaya, me ka goge? Ihu bayan hari ne kawai. Haka ma masu cewa ai 'yan kallon ba su da yawa. Mutum ɗaya mai naɗa ya isa.

Wasu kuma suna cewa abokinsa ne, sun saba irin wannan wasan. To ai shi ya sa abin ya fi ciwo. Da baƙuwar lamba ce ta kira shi, da bai ɗaga ba, ko ya ɗaga da kyamara a kashe. Don abokinsa ne ya buɗe cikinsa. Abotar ce aka yi tarko da ita, sannan ku dawo ku ce ita ce uzuri? Cin amana sai tsakanin waɗanda suka yarda da juna, baƙo ba shi da amanar da zai ci.

Akwai wata hujja da nake so masu cewa kuskure ne su amsa min. Manhajojin nan duk sun tanadi hanyar shigo da baƙo cikin laif. A Instagram tun Maris 2021 mai laif zai iya haɗa mutum uku da shi, su zama huɗu a allo. TikTok ma yana da nasa tsarin baƙi da yawa. A kowanne, ko dai kai ka nemi a shigo da kai, ko a turo maka gayyata ka karɓa da hannunka, kana sane cewa gaban jama'a za ka fita. Ƙofa ce a buɗe, ba ta cin ko minti ɗaya. Me ya sa ya bar ta ya ɗauko waya ta biyu? Don ya san in ya turo gayyata, mutumin zai ƙi, ko ya tashi ya wanke fuska ya kama bakinsa. Rashin sanin nasa shi ne hajar da ake sayarwa. Wanda ya shirya waya biyu ba tsautsayi ne ya afka masa ba, tsarawa ya yi.

Ita kuwa yarinyar nan, wa ya tambaye ta? Tun Nuwamban 2022 TikTok ya ce sai mai shekara 18 zai buɗe laif. Ko su kamfanonin da ke cin riba da kallonmu sun yarda cewa wannan fili ba na yara ba ne. Amma ga fuskar yarinyar da ba ta ma san me ake yi ba tana yawo a wayoyin mutanen da ba su san sunanta ba. Wata rana za ta girma, wani ya nuna mata mahaifinta yana kuka a kan gado, jama'a suna turo alamar dariya.

Maganar da ta fi ƙona min rai ita ce ta masu cewa ai alheri ne, tunda an tura kyaututtuka, ƙila a taimaka masa da su. Kun san yadda kyautar laif take tafiya? Mai kallo ya sayi sulallan manhaja da kuɗinsa, ya tura hoton fure ko zaki, kamfani ya cire kasonsa, ragowar ta faɗa asusun mai laif. Asusun mai laif, ba na mara lafiya ba. Ko da zai kwashe duka ya kai masa, wa ya ce yana so a yi bara da ciwonsa? Akwai mutanen da suka gwammace su kwana da ciwo da a ji sirrinsu a waje, kuma haƙƙinsu ne. In taimako kake nufi, ka katse laif, ka kira shi ku biyu, ka ce, "Ɗan uwa, ka yarda in faɗa wa mutane?" In ya ce a'a, ka rufa masa asiri ka taimaka da abin da ke aljihunka. In ya ce eh, shi zai zaɓi abin da za a faɗa da wanda za a bari.

Kuma mu 'yan kallo kada mu wanke hannunmu. Adadin masu kallo da ke saman allo shi ne abin da mai laif yake bi. Da ya ga lambar tana sauka lokacin da mutumin ya fara maganar likita, da ya katse. Hawa ta yi. Ni ma na tsaya har ƙarshe ina rubutun da ba wanda ya karanta, alhali fita da kai ƙorafi ta maɓallin da aka tanada su ne suka fi dacewa, kuma wannan yana damuna. Wanzami dai ba ya son jarfa. Duk mai dariyar jiya, ya tuna kiran bidiyon ƙarshe da ya yi da mahaifiyarsa ko matarsa, ya tuna yadda yake zaune da abin da ya faɗa, sannan ya ce zai yarda a haska shi ga baƙi.

Ban ce a daina laif ba, kada a juya min magana. Na ga malamai suna koyarwa a kai, na ga 'yan uwan da ke ƙasashe daban-daban sun haɗu a allo ɗaya suna hawayen murna. Kalma biyar kawai nake nema kafin kowa ya buɗe baki: "Ina kan laif, ana kallonmu." Wanda ya kasa furta wannan, ya san abin da yake ɓoyewa.

Af, tunda ana maganar kira, ku ma masu ɗaga kiran bidiyo a cikin mutane kuna sawa a sifika, wannan ya shafe ku. Makon da ya wuce na kira wata ƙanwata, na yi kusan minti biyar ina mata faɗa kan wata magana ta cikin gida, sai na ji tari a gefe. Ashe ƙawayenta uku ne zaune, ta jingina wayar da kofi suna ji. Ba da mugunta ta yi ba, bai ma zo mata a rai ba. Na ce mata daga yau in na kira, ta fara juya kyamara ta nuna min ɗakin, kafin mu gaisa.